Yadda Sabon Mai Fatsa Zai Saita Birkin Manaɗin Betkasta

Abin da ya raba manaɗin betkasta da sauran manaɗan fatsa shi ne, idan ka yi jifa, kwarkwaron da zare yake naɗe a kai shi ma juyawa yake yi. A manaɗin sifinin, wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaro a tsaye yake cak, zare ne kawai yake zamewa ta bakinsa. Betkasta kuwa a saman sanda yake zaune: koto ya fizgi zare, zare ya fizgi kwarkwaro, kwarkwaro ya kama gudu. To, koto yana barin bakin sanda yake fara rage sauri, iska na tare shi, nauyinsa na jan sa ƙasa. Shi kuwa kwarkwaro yana kan boris mai santsi, ba abin da ya tare shi. Kamar ka ɗaga tayar keke ne ka murza ta, ko ka janye hannu ba za ta tsaya nan take ba. Da zarar kwarkwaro ya fi koto sauri, zaren da yake saki ya rasa wurin zuwa, sai ya kumbura, ya tashi, ya harɗe a jikin kwarkwaron. Wannan harɗewar ce take sa mutane da yawa su jingine betkasta tun ba su san daɗinsa ba, alhali manaɗi ne da yake ajiye koto daidai inda ido ya nufa, yake kuma ɗaukar zare mai kauri cikin sauƙi.

Aikin birki ke nan, ya riƙe kwarkwaro kada ya wuce koto. In ya yi yawa, jifa ba ya nisa. In ya yi kaɗan, zare ya harɗe. Abin da zan yi ta nanatawa shi ne ka fara da birki mai yawa, ka riƙa sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, kuma duk lokacin da zare ya harɗe ka lura a wane ɓangare na jifan abin ya faru. Nisa zai zo daga baya.

Fara sanin abin da ke hannunka

Ɗauki manaɗin ka duba gefen da hannun naɗi yake. A yawancinsu za ka ga wani ɗan noti zagayayye kusa da hannun. Wannan shi ne notin matsi. Idan ka ɗaure shi, yana danna bakin ƙarfen da kwarkwaro yake juyawa a kai, don haka riƙonsa iri ɗaya ne, ko kwarkwaro na gudu ko yana tafiyar hawainiya.

A ɗaya gefen, inda tafin hannunka yake rufewa, nan birki yake. Wani za ka ga faifai mai lambobi a waje, wani sai ka buɗe murfin gefe kafin ka gan shi, wani kuma yana da duka biyun.

Akwai kuma wani abu mai kamar tauraro a gindin hannun naɗi. Sababbin shiga suna yawan murɗa shi suna zaton zai hana harɗewa, amma ba ruwansa da jifa ko kaɗan. Aikinsa sai kifi ya kama, shi ne yake barin zare ya zame kafin ya tsinke. Ka saita shi yadda zare zai fita idan ƙarfin ja ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, ka bar shi haka. Sai madannin da ke bayan kwarkwaro, wanda idan ka danna shi da babban yatsa kwarkwaro yake sakuwa, idan ka juya hannu kuma ya koma ya kama.

Mataki na farko: zare, koto da sanda

Duk iya saitinka, idan waɗannan ukun ba su dace da juna ba, wahala za ka sha. Don haka a nan za a fara.

Ga mai koyo, zaren nailan na silli ɗaya ya fi, mai ƙarfin laba 12 zuwa 17, wato kauri kamar milimita 0.30 zuwa 0.37, gwargwadon kamfani. Yana da laushi, idan ya harɗe ana iya tsince shi, idan ta kai ga yankewa ma ba ka yi babbar asara ba. Zaren fuloro, wanda yake kama da nailan a ido amma na wata irin roba ne daban, ya fi tauri da nauyi, yana son zabura daga kwarkwaro, kuma duk inda ya lanƙwashe a harɗewa wurin ya yi rauni ke nan, nan zai tsinke ranar da babban kifi ya kama. Zaren tufka yana da nasa amfanin, sai dai siririnsa yana nutsewa cikin na ƙasa da shi, jifa na gaba ya tsaya cak a iska har koto ya tsinke ya tafi. In dole sai shi, ɗauki mai laba 30 zuwa 50, ka fara naɗa ɗan nailan a ƙasa domin kada ya riƙa zamewa a jikin kwarkwaro.

Wajen naɗawa, zura zaren ta idon sanda, ya bi ta ɗan idon nan mai kai-komo a gaban manaɗi, sannan ka ɗaure a kwarkwaro. Riƙe zaren da tsumma mai ɗan laima yadda zai shiga a matse. Zaren da aka naɗa sako-sako rabin harɗewa ne tun kafin jifa. Kada ka cika har baki, bar kamar milimita 2 zuwa 3. Kwarkwaron da aka cika maƙil ya fi nauyi, ya fi wuyar tsayawa.

Koto kuma ya zama mai ɗan nauyi a dunƙule, giram 10 zuwa 14, wanda a kwali ake rubuta shi 3/8 zuwa 1/2 na oza. Koto mara nauyi ba ya iya tayar da kwarkwaro sai ka yi jifa da ƙarfi, mai faɗi kuma iska tana tare shi a hanya. Lokacin koyo ka cire ƙugiya gaba ɗaya, ko ka ɗaura dalma ko robar gwaji mai wannan nauyin, ka nemi fili mai ciyawa inda ba mutane. Duba jikin sanda kusa da mariƙi, an rubuta nauyin koton da take ɗauka. Nauyin kotonka ya faɗa tsakiyar wannan adadi, domin sanda ce take lanƙwasawa ta harba koto, ba ƙarfin dantse ba.

Ga wata dabara da take rage ɓacin rai ƙwarai. Jawo zare kamar mita 35 zuwa 40, wato ya ɗan fi iyakar jifanka, ka manna salatif na lantarki a kan zaren da ya rage a kwarkwaro, sannan ka naɗe wanda ka jawo a kansa. Duk harɗewar da za ta zo, a kan salatif ɗin za ta tsaya, ba za ta shiga can ciki ba.

Mataki na biyu: notin matsi

Ɗaura kotonka, ka naɗe har ya rage kamar santimita 25 tsakaninsa da bakin sanda. Ɗaure notin matsi har ka ji ya ɗan kama. Ɗaga bakin sanda sama kaɗan, ɗora babban yatsa a kan zare, danna madanni, sannan ka ɗage yatsan. Koto bai kamata ya motsa ba. Yanzu fara sassauta notin a hankali, kaɗan-kaɗan, har koto ya fara sauka da kansa. Abin da kake nema shi ne ya sauko sannu a hankali ba tare da tsayawa ba, kuma idan ya taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya, ko ya ɗan ƙara juyin da bai kai zagaye ɗaya ba. In ka ga zare ya tashi bayan koto ya sauka, ɗan ƙara ɗaurewa. In sai ka girgiza sanda kafin ya sauko, ka matse da yawa. Maimaita har ka gamsu.

Akwai wata hanya da ƙwararru suke bi, kuma ita kamfanoni suke so a bi a manaɗan zamani da dama. Ana sassauta notin har kwarkwaro ya riƙa ɗan motsi hagu da dama idan aka taɓa shi da yatsa, sannan a ɗaure har motsin ya ɓace, shi ke nan, sauran aikin a bar wa birki. Wasu manaɗan kamfanin Daiwa ma tun daga masana'anta aka saita notin haka, suna kiran sa Zero Adjuster, ba a so a riƙa taɓa shi. Idan irin wannan ne naka, bi abin da takardarsa ta ce, ka ƙara birki maimakon noti. Idan ba shi ba ne, a ganina mai koyo ya fara da gwajin saukar koto, domin shi ne yake rufa masa asiri a ƙarshen jifa kafin yatsansa ya saba. Amma kada ka ɗaure notin tamau ka yi ta jifa da ƙarfi, hakan yana cinye 'yan faifan da ke cikinsa.

Mataki na uku: birkin kansa

Birki iri-iri ne, kuma sanin yadda naka yake aiki shi zai nuna maka lokacin da yake da amfani.

Birkin maganaɗisu shi ne mai faifan lambobi a waje, wani daga 0 zuwa 10, wani zuwa 20. Maganaɗisun ba ya taɓa kwarkwaro, kuma ba jan sa yake yi kamar yadda yake jan ƙusa ba, tunda kwarkwaron na alminiyam ne. Idan alminiyam yana juyawa kusa da maganaɗisu, wata 'yar wutar lantarki tana tasowa a cikin ƙarfen, ita ce take turjiya ga juyin. Murɗa faifan zuwa babbar lamba yana ƙara wannan turjiyar. Ƙarfinta yana tafiya kusan daidai da gudun kwarkwaro, saboda haka tana aiki tun daga farkon jifa har kusan ƙarshensa. Ga mai koyo, ɗora shi a 8 idan iyakarsa 10 ne, ko 15 idan 20 ne. In ma ka kai shi ƙarshe ba laifi.

Na biyu shi ne birkin haƙora. Abu ne daɗaɗɗe, domin manaɗin Ambassadeur 5000 da kamfanin Abu na ƙasar Suwidin ya fitar a 1952 da shi ya zo. Idan ka buɗe murfin gefe za ka ga 'yan haƙoran roba, galibi 4 ko 6, jere a gefen kwarkwaro. Idan kwarkwaro ya ɗauki gudu, juyin yana watsa su waje, su goga a jikin wani zobe da ke cikin murfin. Ƙarfinsu yana hauhawa da sauri ƙwarai: gudu ya ninka biyu, ƙarfin gugar ya ninka huɗu. Ke nan a farkon jifa suke kamawa sosai, daidai lokacin da kwarkwaro ya fi hauka, sannan su saki idan gudu ya ragu.

Ga yadda ake saita su. Zauna a inda ba ruwa a ƙarƙashinka, domin murfin gefe a manaɗai da yawa cirewa yake yi gaba ɗaya, kuma kwarkwaro yana iya zamowa ya faɗi. Buɗe murfin. Kowane haƙori yana da wuri biyu, kulle da sake, ana tura shi da farce har a ji ya yi ɗan ƙas. Ɓangaren da ake turawa ya bambanta daga manaɗi zuwa manaɗi, don haka ga gwajin da ba ya kuskure: haƙorin da yake motsi idan ka taɓa shi, shi ne yake aiki, wanda ya kafe kuwa a kashe yake. Ka riƙa sakin su a daidaice, masu fuskantar juna, domin kada nauyi ya karkata gefe guda. A mai 6, za ka iya sakin biyu masu kallon juna, ko uku kana tsallake ɗaya-ɗaya, ko huɗu, ko duka. Mai koyo ya fara da huɗu. A mai 4, saki duka. Mayar da murfin, ka tabbata ya kulle.

Wasu manaɗan sun haɗa haƙora a ciki da faifai a waje. A tsarin SVS Infinity na kamfanin Shimano, faifan waje yana daidaita yadda haƙoran suke guga ne. A wasu kamfanonin kuma faifan na maganaɗisu ne daban. Ko wanne ne, na ciki shi ne babban saiti, na waje ƙaramin gyara. Saita na ciki sau ɗaya, ɗora faifan can sama, sauran gyaran duk a waje za ka yi.

Akwai kuma mai ƙwaƙwalwar lantarki, irin DC na Shimano da ya fara fitowa a 2003. Ba ya amfani da batir, juyin kwarkwaro ne yake ba shi wuta, ya auna gudu ya sa birki da kansa. A manaɗan SLX DC da Curado DC lambobi 4 ne a faifan, 4 ita ce mafi riƙo, da ita za ka fara. Shi ma yana harɗewa idan aka bar koto ya faɗa ruwa ba yatsa a kan zare.

Mataki na huɗu: jifan farko

Tsaya ka sa wata alama a gabanka, kamar mita 15. Bar koto yana reto santimita 25 zuwa 30. Danna madanni, yatsanka yana danne da zare. Kai sanda gefenka a kwance, ka dawo da ita gaba da lilo mai laushi, wuyan hannu da gwiwar hannu ne suke aiki. Jifan gefe ya fi na saman kai sauƙi ga mai koyo, domin in ka yi kuskure koto gefe zai tafi, ba zai doki ƙasa a gabanka ba.

Lokacin ɗage yatsa yana zuwa da wuri fiye da yadda hannu yake tsammani, musamman ga wanda ya saba da sifinin, domin kwarkwaro yana bukatar ɗan lokaci kafin ya tashi. Mai jifa da hannun dama, idan koto yana tafiya hagu da alamar, ya makara wajen saki. Idan yana tafiya dama, ya yi gaggawa. A jifan saman kai, makara tana sa koto ya daki ƙasa kusa da kai, ita ce kuma take kawo harɗewa mafi muni.

Kada yatsa ya yi nisa da zare. Ɗage shi kaɗan kawai, yadda za ka riƙa jin zaren yana shafar fatarka. Idonka yana kan koto. Kafin ya taɓa ƙasa ko ruwa da ƙiftawar ido, danne kwarkwaro ya tsaya. Wannan dannewar ba ta da madadi, babu birkin da ya san lokacin da kotonka zai sauka sai kai da kake kallon sa.

Da wannan saitin jifanka ba zai yi nisa ba, kuma haka ake so. Kada ka ƙara ƙarfi don ka cike giɓin. Fizga ita ce take sa kwarkwaro ya zabura fiye da yadda koto zai iya bi.

Mataki na biyar: karanta harɗewa

Nan ne ainihin aikin yake. Mutane da yawa idan zare ya harɗe sai su murɗa noti, su murɗa faifai, su sauya koto, duk a lokaci ɗaya, daga baya ba su san wanne ne ya gyara ba, wanne ne ya ɓata. Jifa yana da farko, da tsakiya, da ƙarshe, kuma kowanne da mai tsaronsa.

Idan zare ya harɗe tun koto bai yi nisa ba, ka ji fat, ya tsaya ko ya faɗo kusa, matsalar farko ce. Kwarkwaro ya tashi da gudun da ya fi ƙarfin birki. Kafin ka taɓa komai, tambayi hannunka: fizga ka yi ko lilo? Sassauta jifan ka sake gwadawa. In ya sake faruwa, saki ƙarin haƙora, ko ka ƙara lamba biyu a faifan maganaɗisu. Ɗaure noti ba shi ne maganin wannan ba.

Idan koto ya tafi lafiya, sai a tsakiyar hanya ka ji zare yana kumbura a ƙarƙashin yatsanka, yana kaɗawa, to koto ne ya rage gudu kwarkwaro bai sani ba. Iska ce take tare shi, ko kuma koton mai faɗi ne ko mara nauyi. Birkin maganaɗisu ya fi kowa iya wannan, ƙara masa lamba ɗaya ko biyu. Mai birkin haƙora zalla ya ɗan ƙara noti kaɗan. Kuma da ka ji kumburin, ɗan shafa zaren da yatsa ba tare da ka tsayar da shi ba, sau da yawa koto yana janye abin da ya tashi, jifan ya ƙarasa lafiya. Ranar da yatsanka ya fara yin haka da kansa, ka kama hanya.

Idan kuwa komai ya tafi daidai sai da koto ya sauka zare ya tashi, birki ba shi da laifi. A wannan lokacin gudu ya yi ƙasa, haƙora sun saki, maganaɗisu ma ƙarfinsa ya ragu. Yatsa ne ya makara. Ɗan ƙara noti zai taimaka, amma gyaran gaskiya shi ne ka danne da wuri.

Akwai harɗewar da ba ta cikin ukun nan: koto ya taɓa reshe ko ciyawa a bayanka lokacin lilo. Duba bayanka kafin kowane jifa.

Mataki na shida: rage birki

Idan ka yi jifa kamar 10 a jere zare bai tashi ba, rage lamba ɗaya a faifai. Kada ka sauya ƙarfin jifanka. Za ka ga koto ya ƙara nisa da kansa. Sake yin 10, sake rage ɗaya. Haka za ka yi ta sauka har ka kai inda zare ya fara ɗan kumbura a tsakiyar jifa. Daga nan koma sama lamba ɗaya. Wannan shi ne saitinka na wannan koton, a wannan zaren, a wannan iskar. Mai haƙora ya sauko daga huɗu zuwa uku, daga baya zuwa biyu, kuma duk lokacin da ya kashe haƙori ya mayar da faifan waje sama ya sake saukowa.

Noti shi ne na ƙarshe da za ka sassauta, bayan yatsanka ya saba tsayar da kwarkwaro ba tare da ka tuna ba. Ka riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan har motsin hagu da dama ya fara bayyana, sannan ka ɗan ɗaure yadda zai ɓace kawai. Kada ka wuce nan, kwarkwaro mai girgiɗi yana iya barin siririn zare ya shige tsakaninsa da jikin manaɗi. Kuma ba dole ba ne ka kai birki ƙasa. Masu fatsa da suka daɗe suna yi da yawa a tsakiyar faifai suke zama, domin ƙarin 'yan mitoci bai kai darajar lokacin da za a ɓata ana tsintar zare ba.

Idan ya riga ya harɗe

Kada ka ja da ƙarfi, ja yana mayar da sako-sakon zare ƙulli. Danna madanni, ɗora yatsa a hankali a kan kwarkwaro, ka jawo zaren ta gaba sannu-sannu har ya tsaya. Duba inda ya maƙale, za ka ga wata 'yar madauki ta haye kan zaren da kake ja. Kama ta da farce ka ɗaga ta sama, ka ɗan ja ta baya, sannan ka ci gaba da jawowa. Yana iya tsayawa sau da dama, kowane karo haka za ka yi. Kada ka sa bakin ƙugiya ko wuƙa, suna yi wa zare rauni.

In ya ƙi, ga wata hanya. Ɗaure tauraron nan sosai, danna farcen babban yatsa da ƙarfi a kan wurin da ya harɗe, ka juya hannun naɗi kamar rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya kwarkwaro yana wucewa a ƙarƙashin farcen. Hakan yana kwantar da madaukan su fuskanci gefe ɗaya. Danna madanni ka sake ja. Idan ya fita, ci gaba da jawowa har ka wuce duk wani sako-sako ka kai zaren da yake kwance lafiya, sannan ka naɗe kana riƙe da shi a matse tsakanin yatsu. Bi zaren da yatsa, duk inda ka ji ya lanƙwashe ko ya yi kaushi, yanke daga nan. Kar ka manta ka mayar da tauraron yadda yake, in ba haka ba kifin farko zai tsinke maka zare.

Abin da yake sauya saiti

Saitin da ka samu ba na dindindin ba ne. Duk lokacin da ka sauya koto mai nauyi daban, sake gwajin sauka da noti, ka ƙara birki lamba biyu, ka yi jifa kaɗan kana saukowa. Idan za ka yi jifa kana fuskantar iska, ƙara birki tun kafin jifan farko, ka kuma yi jifan ƙasa-ƙasa kusa da ruwa. Idan iska tana bayanka, za ka iya ragewa. Sauya zare daga nailan zuwa fuloro yana bukatar ƙarin birki. Haka nan idan ka yi ta yanke zare har ya ragu sosai a kwarkwaro, nisan jifa zai ragu, maganinsa sabon zare ne, ba rage birki ba.

Birkin haƙora guga yake yi, don haka ruwa ko datti a jikin zoben yana sauya ƙarfinsa. Idan ka ji manaɗi yana ƙara mai tsini, ko saitin jiya ya ƙi yau, buɗe murfin ka goge zoben da haƙoran da tsumma mai tsabta. Wasu kamfanoni suna so a ɗan shafa mai a zoben, wasu a bar shi a bushe, bi takardar naka. Boris ɗin kwarkwaro ɗigo ɗaya na mai mara kauri ya ishe shi, giris kuwa yana kashe masa gudu. Bayan ka sa mai, kwarkwaro zai iya sauya sauri, saboda haka mayar da faifai sama ka sake saukowa lamba-lamba kamar yadda ka yi a mataki na shida.